Wasiƙa Daga Jos: Rufin Majami'a da Irin Dankali

Jos, Jihar Filato.

Ɗan'uwana kuma aminina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, kuma sanyin Ingila bai takura muku ba. Mu ma lafiya lau, sai godiya. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, kowa ya zuba wa sama ido yana jiran ruwan farko.

Kuɗin da ka aiko domin rufin sabuwar majami'a sun shiga hannun ma'aji, dattawan ikilisiya kuma sun ce in miƙa maka godiyarsu. A kan waɗannan kuɗin ne na ɗauki alƙalami, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Jos ɗin da ka bari ba ita ce ta yau ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, rayuwa ta yi wa talaka nauyi. Litar man da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota da na taki da na makaranta kuma duk suka bi bayanta. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma a lokacin buhun shinkafa ɗaya ya fi haka tsada. Ni da nake cikin masu ƙirga baiko ranar Lahadi, ina ganin wannan da idona: tsofaffin takardun naira hamsin da naira ɗari, a naɗe, sun yi laushi saboda daɗewa a bakin zane. Akwai iyalan da suka daina zuwa addu'ar tsakiyar mako, ba don bangaskiyarsu ta yi sanyi ba, sai don kuɗin keke zuwa da dawowa shi ne kuɗin cefanen gobe.

Ana cikin wannan kuma sai ga 'yan'uwanmu da aka kora daga ƙauyukansu. Ka ji abin da ya faru a Mangu tun daga 2023, da harin jajibirin Kirsimeti na wannan shekarar a Bokkos da Barkin Ladi, inda aka kashe mutane fiye da 150, da na Zike a ƙaramar hukumar Bassa a watan Afrilu na 2025. Kai ka ji a labarai, mu kuwa mutanen ne suka zo mana da ƙunshin kayansu a ka. Wasu na wurin dangi, wasu kuma har yau a ɗakin makarantar Lahadi suke kwana, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, na karɓa-karɓa wajen dafa musu abinci.

A cikinsu akwai wata gwauruwa daga Bokkos mai 'ya'ya huɗu. Kwanakin baya na haɗu da ita a kasuwar Farin Gada, tana tsince ƙananan dankalin da 'yan kasuwa suka ware. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannunta, ta nuna mini idanun da suka fara tsiro, ta ce, "Baba, wannan ba na tukunya ba ne, na ƙasa ne." Matar da a da motoci ke zuwa har bakin gonarta su yi lodi, yau ita ce ke tsintar na ƙasa. Mai rumfar, wani dattijo Musulmi, ya cika mata leda bai karɓi ko sisi ba. Na faɗa maka wannan ne domin ka san yadda garin nan ya rabu tun rikicin Satumba na 2001, Kirista na shakkar kwana a Unguwar Rogo, Musulmi na shakkar kwana a Unguwar Rukuba, amma yunwa ba ta tambayar unguwar kowa, kuma har yanzu akwai masu tsoron Allah a kowane ɓangare.

Matar nan ba sadaka take nema ba, iri take nema da taki da kuɗin hayar ɗan fili a inda akwai tsaro. Na kai maganar gaban dattawa, muka yi doguwar muhawara. Wasu sun ce kuɗin gini amana ce, ba a taɓa ta, kuma damina za ta lalata katakon da aka riga aka ɗora. Ba su yi ƙarya ba, ni ma ban raina hujjarsu ba. Amma na tuna musu da sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, inda ikilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman saboda abincin gwauraye, tun ba ta da ginin kanta. Mun yi shekaru muna sujada a tsohuwar majami'a, ƙarin shekara ɗaya ba za ta kashe mu ba. Manomin dankali kuwa, idan Afrilu da Mayu suka wuce bai sa iri a ƙasa ba, shekarar ta tafi ke nan, yaransa kuma za su bar makaranta su shiga talla ko ramin haƙar kuza.

A ƙarshe dattawa sun yarda cewa wanda ya ba da kuɗin ne kaɗai ke da ikon sauya niyyarsa. Saboda haka nake roƙonka, idan zuciyarka ta kwanta, ka ba da izini a karkatar da rabin abin da ka aiko zuwa sayen iri da taki. Za a rubuta sunan kowane iyali da abin da ya karɓa, ni kuma zan aiko maka da lissafin da hannuna. Idan kuma ka fi son su tsaya a kan rufi, babu wanda zai ga laifinka. Abin da nake buƙata kawai shi ne amsarka kafin Ista, domin da zarar ruwa ya sauka, farashin iri zai tashi.

Iyalina suna gaishe ku, Fasto ma ya ce a gaishe ka. Ka sa mutanen Bokkos da Mangu da Bassa cikin addu'arku ta iyali. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ne naka,
Amininka na Jos.