Hatimin Wells Fargo a jikin tsohuwar bindiga ba shaida ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja kunnen 'yan'uwana 'yan kasuwar kayan tarihi da ke nan Amurka, da masu shirin zuwa. Na shekara sama da ashirin ina sayar da sassaƙe, tsakiya da tsofaffin tufafi, kuma kowace Fabrairu ina kasa kaya a Tucson ta jihar Arizona. A bana wani abu ya faru da ɗan ƙanena wanda har yau bai bar raina ba.

Yaron ya shiga wata kasuwar gwanjo, wani dattijo ya nuna masa bindiga mai baki biyu, gajeriya, ƙotarta ta yi baƙi don tsufa, an buga mata "W.F. & Co." a jiki. Ya ce masa irin wadda masu gadin kamfanin Wells Fargo suke riƙewa ce. Yaro ya zuba kusan duk ribar da ya samu a makon. Da ya kawo mini da murnarsa, "Baba, duba abin da na samo," sai na kai ta wurin wani maƙerin bindigogi da na sani. Ya cire bututun, ya nuna mana alamar ELG ta birnin Liège na Beljiyam, wadda ita kaɗai ba aibu ba ce, don an shigo da irinsu Amurka da ɗimbin yawa a kan araha. Sannan ya sa mana madubin ƙara girma a kan rubutun. Tsatsa ta ci ƙarfen ko'ina, amma cikin haruffan fes. Bindigar tsohuwa ce da gaske, hatimin ne na jiya.

Ga wanda bai san labarin ba, Henry Wells da William Fargo ne suka kafa kamfanin a 1852, lokacin da jama'a suka yi ca a kan zinaren Kalifoniya. Aikinsu ɗaukar zinare, kuɗi da wasiƙu. Ana zuba dukiyar a wani koren akwati na katako mai ɗaurin ƙarfe, a tura shi ƙarƙashin kujerar direban keken doki, mai gadi ya zauna a gefensa da bindiga a cinya. Sun fi son mai baki biyu saboda harsashinta watsuwa yake yi, kuma wanda ke kan keke mai tangal-tangal a hanyar duwatsu ba shi da sararin saiti. Aikin sayar da rai ne. Ɗan fashi guda, Charles Boles da ake kira Black Bart, ya tare kekunansu sau 28 tsakanin 1875 da 1883, kafin hankicin da ya yar, mai ɗauke da alamar gidan wanki, ya tona masa asiri.

Wannan labari shi ake saye, ba ƙarfen ba, kuma 'yan damfara sun fi kowa sanin haka. A zamanin keken doki wakilan kamfanin sukan sayi bindiga ne a shagon garin da suke, kowa da irin tasa, don haka babu wani fasali guda da mutum zai riƙe ya ce ga ta gaske. Wannan giɓi ne maƙaryata suka shige. Duk wanda ya mallaki guduma da haruffan ƙarfe zai iya mai da bindigar manomi ta zama ta mai gadin zinare cikin rabin sa'a, kuɗinta ya ninka. Masana harkar da na zauna da su bakinsu ɗaya: na jabu sun fi na gaske yawa nesa ba kusa ba.

Akwai na gaske, ban musa ba. Kamfanin ya sayi ƙananan bindigogin Smith & Wesson samfurin Schofield da sojan Amurka suka daina amfani da su, aka rage tsawon bututunsu daga inci 7 zuwa 5, aka buga musu hatimi da lamba. A farkon ƙarni na 20 kuma ya sayi masu baki biyu daga kamfanin Ithaca, a lokacin yawancin masu gadin sun koma cikin jirgin ƙasa. Irin waɗannan ana iya bin lambarsu. Amma har ƙaramar bindigar kamfanin Colt ta 1849 da masu tara kaya ke yi wa laƙabi da "Wells Fargo", laƙabi ne kawai na kasuwa. A 1918 gwamnati ta haɗe kamfanonin jigilar kaya wuri guda saboda yaƙi, zamanin ya ƙare.

Shawarata ga 'yan'uwa: kada ku biya kuɗin labari sai kun ga takarda, ko dai wasiƙar masana'anta mai nuna wa aka sayar wa wannan lambar, ko tarihin hannayen da bindigar ta bi. Kada kuma wani ya yi gangancin ɗura mata harsashin zamani, tsohon bututu an yi shi ne don albarushin da, yana iya fashewa a fuskar mutum. Dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, amma jihohi suna da nasu dokokin, kuma wannan sassauci ba ya bin ka zuwa gida. Wanda ya sa ta a kwantena zuwa Legas ba tare da lasisi ba, jami'an kwastan ba za su tambaye shi shekarunta ba.

Abin da ya fi ci mini rai, Malam Edita, shi ne a gidanmu na gado akwai bindigar toka da aka ce kakan mahaifinmu ya yi rakiyar ayari da ita zuwa Gwanja sayen goro. Aikin da ya yi a bayan madugu shi ne dai na wancan mai gadin. Amma ba mu da ko layi ɗaya a rubuce. Gwaggonmu da ta san sunayen zangon da suke sauka ta rasu, babu wanda ya zauna da ita da biro. Yau in na ɗauki bindigar nan na ce ta ayari ce, hujjata ba ta fi ta dattijon da ya cuci ɗana ba.

Don haka ina roƙon jaridarku ta tura wakili Gidan Makama a Kano da gidajen tsofaffin fatake, a ɗauki hoton irin waɗannan bindigogi, a rubuta wanda ya riƙe su da hanyar da suka bi, tun dattawan da suka ji daga bakin iyayensu suna raye. Ni dai na riga na kira yayana, ranar Juma'a zai je wurin baffanmu da ya rage da littafi da waya.

Wassalam.

Mai karatunku,
wani ɗan kasuwar kayan tarihi,
Harlem, New York