Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Taraba Kan Kurmin Bakin Rafi Na Tsaunin Mambilla

Mai Girma Gwamna, Dakta Agbu Kefas,

Ranka ya daɗe. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya yi maka jagora a kan nauyin da ya ɗora maka. Bayan haka, ni malamin makaranta ne, haifaffen tsaunin Mambilla, kuma a Ƙaramar Hukumar Sardauna na yi yawancin shekarun aikina ina koyar da ilimin halittu. Na rubuto ne a kan wasu tsirrai da ba kasafai ake kawo maganarsu gidan gwamnati ba, da kuma 'yan kurmin bakin rafi da suke rayuwa a ciki.

Masu sayar da saiwoyi a kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da sanin agugu, maganin tsila. Tun 1916 wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa da Hausa, ya rubuta cewa yawanci daga Adamawa ake kawo shi. Agugu saiwar wani tsiro ce da ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Turawa suna kiran danginsa gaba ɗaya fern, ni kuwa zan ci gaba da ce musu dangin agugu. Ire-irensu a duniya sun haura 10,000, kuma suna nan fiye da shekara miliyan 300, tun kafin a sami tsiro mai fure ko ɗaya.

Yadda suke haihuwa shi ne tushen maganata. Idan ka juya bayan ganyen za ka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, a jere kamar ɗinkin hula. Daga cikinsu wani gari mai kama da ƙura yake fita, iska ta kwashe shi. Wanda ya faɗa wuri mai laima sai ya tsiro ya zama ɗan ganye mitsitsi wanda bai kai farcen yatsa ba, a manne da ƙasa ko dutse. A jikin wannan ɗan ganye ƙwayar namiji take iyo cikin danshin ruwa ta je ta sami ta mace, sannan babban tsiron da muka sani ya fito. In babu wannan danshi, haihuwa ta tsaya. Akwai ma waɗanda kaurin ganyensu ƙwayar halitta ɗaya ce tak, rana ɗaya ta hunturu in ta same su a fili sai su yanƙwane. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa in suna son sanin lafiyar rafi, su dubi dangin agugu da ke gaɓarsa. Su ne suke fara tafiya, ruwan ya bi bayansu.

Lokacin ƙuruciyata akwai wani kurmi a kwarin da ke bayan unguwarmu, inda ake aiken mu ɗebo ruwa. Kana shiga sanyi zai buge ka ko da tsakar rana. A bakin ruwan akwai agugu mai tsayi kamar ƙaramin dabino, jikinsa duk ƙaya, wanda masana ke kira Cyathea manniana. Wasu sun yi gida a kan rassan manyan itatuwa ba su taɓa ƙasa ba, wasu sun lulluɓe duwatsu kamar bargo. Na koma wurin da ɗalibaina don in nuna musu abin da ke cikin littafinsu, sai na tarar da gonar masara har bakin ruwa, itatuwan turare a jere a kan idon ruwan, rafin kuma ya zama ɗan zare. Na tsaya ina kwatanta musu da hannu abin da ya kamata su gani da ido. Abin ya yi mini ciwo, har yau bai bar ni ba.

Ba na ɗora laifin a kan makiyayi ko manomi, don kowa abincinsa yake nema, kuma tsaunin nan ya sha isasshen baƙin ciki daga zargin juna. Amma gaskiya ɗaya ce. Wutar da ake saka wa ciyawa kowace shekara da rani tana cin gefen kurmi kaɗan-kaɗan. Shanu in sun gangara shan ruwa suna tattake ƙananan itatuwa, gaɓa ta zube. Itacen turare, wanda ya cika tsaunin saboda katako da makamashi, mashayin ruwa ne na gaske, bai dace a dasa shi a kan maɓuɓɓuga ba. Ga kuma ramukan masu haƙar duwatsu masu daraja a yankin Nguroje, da laka da suke turawa cikin rafuka.

Akwai abin da ya kamata makiyaya su ji da kunnensu. A cikin dangin agugu akwai ɗaya, Pteridium aquilinum, wanda shi wuta ba ta kashe shi, domin saiwarsa tana can ƙarƙashin ƙasa. Inda aka yawaita ƙuna da kiwo, shi ne yake mamaye fili ya kori ciyawa. Guba ne ga shanu, saniyar da ta daɗe tana cinsa takan kamu da fitsarin jini. Wato ƙunar da ke kashe na bakin rafi ita ce ke yaɗa wanda yake cutar garke. Ardon da aka zaunar aka nuna masa wannan zai riga kowa tsaron kurmi.

Na san muna da wuraren da doka ta kare. Gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Nijeriya, kuma a nan dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419. Gandun Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa yana ƙarƙashin kariya tun 1969, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 46, kodayake ainihin dajin ɗan kaso ne na wannan fili. A can ne Dakta Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand da ma'aikatanta 'yan yankin suka kewaye wasu filaye da waya, suka hana wuta da shanu shiga, itatuwa kuma suka fara dawowa. An gwada, ya yi. Sai dai kurmin da nake magana a kansu suna wajen waɗannan iyakoki, a warwatse cikin kwaruruka, ba su da mai gadi, ba su da suna a taswira. Su ne kuma suke riƙe da ruwan da ke haɗuwa ya zama Kogin Donga, wanda aka shekara da shekaru ana maganar gina tashar lantarki mai megawat 3,050 a kansa. Madatsar ruwa ba ta ƙirƙirar ruwa, abin da rafuka suka kawo mata shi take tarewa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa amanar filayen jiha a hannun gwamna, don haka kai nake roƙo. A fitar da doka da za ta bar wa kowane rafi da idon ruwa a tsaunin wani sarari, a ganina mita 30 kowane ɓari, ba noma, ba ƙuna, ba dashen turare. Kada a rubuta ta a Jalingo a aiko mana da ita. A zauna da jauro-jauro, wato masu garuruwa, da ardo-ardo da shugabannin manoma, a keɓe wa shanu mashaya da burtali, a ba wanda gonarsa ta shiga ciki wani abu da zai rage masa asara. In ba haka ba, dokar za ta zama sabon dalilin faɗa. A kuma ƙara ma'aikatan gandun daji, a biya su a kan lokaci, a ɗauki matasan ƙauyuka su share hanyar tare wuta kafin Disamba.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi arha. A ba Jami'ar Jihar Taraba kuɗin da ɗalibanta za su bi rafukan nan ɗaya bayan ɗaya, su tattara dangin agugu, su busar da samfuri, su kai ma'ajiyar tsirrai ta Ibadan a tantance, su kuma rubuta sunan kowanne da Mambilanci da Fulatanci da Hausa daga bakin tsofaffin da suka san amfaninsu. Tsofaffin nan suna ƙarewa, kamar yadda kurmin ke ƙarewa.

Duk ranar da aiki ya kawo ka Gembu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna, ranka ya daɗe, ka sa a tsaya a Yelwa, ka gangara rafi ɗaya da ke cikin gandu da wani da ke wajensa. Rabin yini ya isa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin ilimin halittu daga tsaunin Mambilla