Zuwa ga manajan kamfanin da ya ɗauko mini tafireta daga Accra

Ranka ya daɗe, salamu alaikum.

Sau uku ina zuwa ofishinku na Kumasi daga Aboabo, kullum sai a ce mini manaja ya fita. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Wata biyu ke nan ƙanena ya ba ku tafireta a unguwar Nima ta Accra domin ku kawo mini. Olivetti Lettera 32 ce, ƙirar Italiya, samfurin da aka fara fitarwa a 1963, zanen Marcello Nizzoli. A hannun wani dattijo muka saye ta, wanda ya yi shekaru yana buga wa mutane takardun rantsuwa da ita. Shekara 15 ina tara irin waɗannan ina gyarawa, don haka na san yadda ake shirya su don tafiya. Na sa ƙanena ya kulle abin da ke jan takarda, ya cusa tsumma a kan haruffa, ya zuge jakarta, ya rubuta a jikin kwalin cewa a ɗauka a hankali. Kuɗin kayan da ke fashewa muka biya, rasit na hannuna.

Kwalin ya iso a lotse, da shatin buhu a kansa. Hannun da ake turawa a koma sabon layi ya karye. Wannan ma da sauƙi, masu walda a Suame za su iya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ɗan ƙaramin gargaren da ke ƙarƙashi, mai haƙora, wanda ke sakin takarda ta matsa gurbi ɗaya duk lokacin da aka buga harafi. Haƙoransa biyu sun gutsure. Yanzu in ka taɓa harafi, sai takardar ta zarce har ƙarshe, ƙararrawa ta kaɗa. An daina ƙera wannan injin tun tuni. Ba a kasuwar Kejetia ake samun kayansa ba. Sai an samo wata matacciya irinta an ciro, wataƙila daga Turai.

Da na nuna wa ma'aikacinku, ɗora ta ya yi a kan sikeli, ya ce bai fi kilo 6 ba, za a biya ni kuɗin tsohon ƙarfe. Tsohon ƙarfe! Wallahi ranar da ta bar Nima ƙanena ya buga mini Fatiha da boko da ita, ya turo hoto, babu harafin da ya kauce.

Ba kuɗinku na kilo nake so ba. Ku biya kuɗin sayo gargaren da na kawo shi, ku mayar mini da kuɗin da na ƙara don a kula da kayan, tunda ba a kula ba. Ranar Litinin bayan azahar zan dawo da rasit da hotunan, ina fata in tarar da kai a ofis.

Wassalam,
Mai gyaran tafireta, Aboabo, Kumasi