Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Tsofaffin Kyallayen Bas na Landan

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa mambobi.

Saboda sababbin shiga, abin da muke tarawa shi ne dogon kyallen nan da ake naɗewa a goshin bas, mai lambar hanya da sunayen unguwanni, wanda direba ko kwandasta ke murza hannu ya juya idan an kai ƙarshen zango.

Babban kamun bana shi ne kyallen hanya ta 12, wadda ke ratsa Peckham, inda yawancinmu ke cefane. Na Routemaster ne, bas ɗin da aka janye daga hanyar a 2004, kafin ya yi sallama da aikin yau da kullum a hanya ta 159 ranar 9 ga Disamba 2005. Da muka warware shi a falon ma'aji, falon bai ɗauke shi ba, sai da bakinsa ya kai ƙofar kicin. Gefunansa sun yi baƙi da maiko, kuma har yanzu warin gareji bai sake shi ba. Baba, wanda ya yi kwandasta shekaru, ya durƙusa yana bin sunayen da yatsa, kowace unguwa da labarinta, har shayi ya huce.

Mun kuma sha ƙasa sau ɗaya. Wani ɗan kasuwa a intanet ya sayar mana da sabon bugu a matsayin tsoho. Ɗigon harafin “i” ne ya tona shi. A salon haruffa na Johnston, da sufurin Landan ke amfani da shi tun 1916, ɗigon mai kusurwa huɗu ne kamar lu'ulu'u, nasa kuwa zagaye. Kuɗin dai sun tafi.

A bazara mun je ma'ajiyar gidan tarihin sufuri da ke Acton, ranar da aka buɗe wa jama'a. Yara sun ji daɗi.

Yanzu ga abin da ke damuna a matsayin sakatare. Tsofaffin kyallayen takarda ce aka liƙa a jikin yadi, ba irin na baya-bayan nan na Tyvek (wani abu na roba mai kama da takarda) ba masu jure wahala. Danshin garejin da muke ajiya ya ɗaga takardar guda biyu, ɗaya ma ya fara funfuna. Ido ba mudu ba ne, amma kowa ya leƙa ya san mun sayi fiye da abin da za mu iya adanawa. Shawarata ita ce a dakatar da saye a shekara mai zuwa, kuɗin wata-wata su tafi ga kwalaye da hayar busasshen ɗaki.

Na san masu zuwa gwanjo ba za su so wannan ba. A zo da hujja taro mai zuwa, bayan ma'aji ya karanta lissafi za a kaɗa ƙuri'a. Wanda ake bin sa bashin kuɗin wata ya biya kafin ranar, don Allah.

Sakatare