Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Cikar Ɓangaren /boot Lokacin Sabunta Kanel a Linux

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wata matsala da ke samun masu amfani da kwamfuta mai tsarin Linux, wadda na lura cewa shawarar da ake yawan ba wa wanda ta sama ta fi matsalar kanta haɗari. Matsalar ita ce cikar ɗan ɓangaren faifan ajiya da ake kira /boot a daidai lokacin da kwamfuta take girka sabon kanel. Shawarar kuwa iri biyu ce: wasu su ce wa mutum ya daina sabuntawa gaba ɗaya, wasu kuma su ce ya shiga wurin ya goge duk abin da idonsa ya gani.

Kanel shi ne ƙashin bayan tsarin, shi yake shiga tsakanin manhajoji da kayan cikin kwamfuta. Linus Torvalds ya fara rubuta shi a 1991, kuma a yau kusan duk bayan mako 9 ko 10 ake fitar da sabon babban zubi, ban da gyare-gyaren tsaro da masu rarraba Linux suke turowa a tsakani. Duk lokacin da sabon kanel ya iso, yakan sauke fayiloli a cikin /boot. Akwai kanel ɗin kansa mai suna vmlinuz, wanda nauyinsa bai cika wuce megabayit 15 ba, akwai ƙananan fayiloli irin su config da System.map, sannan akwai babban cikinsu, wato initrd ko initramfs, wanda yake ɗauke da direbobi, wato manhajojin sarrafa kayan cikin kwamfuta, da take buƙata kafin ta iya buɗe babban faifai. Wannan na ƙarshe yakan kai megabayit 60, wani lokaci ma ya haura 100 idan an cusa masa ƙananan manhajojin katin hoto. Da gangan ne kuma ba a goge tsohon kanel idan sabo ya zo, domin idan sabon ya ƙi tashi, mutum ya koma kan tsohon ta jerin zaɓin GRUB, wato manhajar da take tashin kwamfuta idan an kunna ta.

Lissafin ba shi da wuya. Wanda aka yanka wa megabayit 250, idan kowane kanel da kayansa suna cin kamar 80, to uku kawai wurin zai ɗauka, kuma na huɗu yana buƙatar masauki tun kafin a sallami na farko. Wannan ne ya same ni a kan wata tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka da na girka shekarun baya, na kuma zaɓi a kulle faifanta da kalmar sirri. Ana cikin sabuntawa sai aiki ya tsaya, allo ya nuna saƙon nan na "No space left on device", ma'ana babu sauran wuri. Na duba faifan na tarar fiye da rabinsa fanko ne, ɗaruruwan gigabayit suna kwance babu komai a ciki, har na fara zargin ko faifan ne ya soma lalacewa. Sai da na rubuta umarnin df -h /boot, mai nuna wurin da ya rage, sannan na ga cewa ɗan ɓangaren da ban taɓa waiwaya ba shi ne ya cika maƙil.

Akwai dalilin da ya sa ake ware wannan ɓangare. A zamanin da, tsofaffin BIOS, wato manhajar da take fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, ba sa iya karanta abin da ya wuce wata iyaka a faifai, wato silinda ta 1024, don haka dole ne a ajiye kayan tashi a farkonsa. Wannan dalili ya shuɗe, amma wani ya maye gurbinsa: idan an kulle faifai da LUKS, wato tsarin kulle shi da kalmar sirri, ko an tsara shi da LVM, wato tsarin sarrafa ɓangarorinsa, masu girkawa sukan bar /boot a waje domin manhajar tashi ta iya karanta shi cikin sauƙi. Girman da aka yanka masa kuwa an auna shi ne da nauyin kanel na ranar girkawa. Kanel ya ci gaba da girma, direbobi suka ƙaru, ɓangaren kuma yana nan yadda aka bar shi. Saboda haka ban yarda a ɗora wa mai kwamfuta laifin sakaci ba, domin sau da yawa ba a ma tambaye shi girman da yake so ba.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne halin da ake shiga bayan tsayawar. A nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu da danginsu, manhajar apt, mai girka manhajoji da cire su, takan ga cewa akwai kunshin manhajar da aka fara girkawa ba a kammala ba, sai ta ƙi cire komai har sai an gyara wannan, shi kuma gyaran ba zai yiwu ba sai an samu wuri. Gaba kura, baya sayaki. A nan ne mutane suke fusata su kama gogewa da hannu, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ta farko, domin wanda ya goge initrd na kanel ɗin da yake kai, kwamfutarsa za ta ci gaba da aiki lafiya har zuwa lokacin da ya kashe ta, daga nan kuma mai yiwuwa ba za ta sake tashi ba sai an nemo filashin ceto.

Hanyar da na bi, wadda nake ganin ta fi aminci, ta fara ne da umarnin uname -r, wanda yake nuna lambar kanel ɗin da kwamfuta take gudana a kansa a wannan lokaci. Duk fayil mai ɗauke da wannan lamba ba a taɓa shi, haka ma na sabon da ake ƙoƙarin girkawa. Daga nan na ɗauke initrd na mafi tsufa na mayar da shi wata folda a babban faifai maimakon in goge shi, domin in na yi kuskure in iya dawo da shi. Wurin da wannan ya samar ya ishi apt --fix-broken install ya kammala aikinsa, sannan apt autoremove --purge ya kwashe tsofaffin kanel ta hanyar da ta dace, ya kuma gyara jerin GRUB. Sai dai a sani cewa autoremove ba ya taɓa kunshin da aka yi wa alamar cewa da hannu aka girka shi, don haka wanda ya ga tsofaffin sun ƙi tafiya ya duba wannan alamar da umarnin apt-mark. Masu Fedora, wani nau'in Linux, nasu ya fi sauƙi, domin a fayil ɗin dnf.conf akwai installonly_limit, wato adadin kanel da za a ajiye, wanda aka saba bari a kan 3, kuma wanda wurinsa ya yi kaɗan yana iya mayar da shi 2.

Akwai kuma dabarar rage nauyin initrd kansa. A Debian da Ubuntu, a cikin fayil ɗin initramfs.conf ana iya canza MODULES daga most zuwa dep, sai a ɗebi direbobin da wannan kwamfutar kaɗai take buƙata, kuma fayil ɗin yakan ragu sosai. Ina amfani da wannan, amma da sharaɗi, domin duk ranar da aka cire faifan aka saka shi a wata kwamfuta, ko aka canza wani babban kaya a cikinta, mai yiwuwa ne ta ƙi tashi saboda direban da take nema ba ya ciki. Ana kuma iya matse initrd ɗin da tsarin matsewa na xz, wanda yake rage girma amma yana ɗaukar lokaci wajen haɗawa.

Duk waɗannan rage zafi ne kawai. Faɗaɗa ɓangaren da manhaja irin GParted yana yiwuwa idan an tashi kwamfuta daga filashi, amma idan maƙwabcinsa kullallen ɓangare ne, aikin yana da wuya ƙwarai, kuma bai kamata a fara shi ba sai an kwafe bayanai zuwa wani wuri. Masu haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya su ma su yi hattara, domin ɓangaren EFI, inda ake ajiye kayan tashin kwamfuta, da Windows ya saba yankawa megabayit 100 ne, kuma idan aka yi amfani da systemd-boot, wata manhajar tashi irin GRUB wadda ta saba neman kanel a wannan ɓangare, wurin ba zai daɗe ba zai cika.

Kirana ya fi karkata ga waɗanda suke girka wa wasu Linux, domin su ne suke yanke hukuncin da wani zai zauna da shi shekaru. Ware gigabayit 1, ko ma 2, daga faifai mai gigabayit 256 ba asara ba ce da wani zai ji a jikinsa. Game da masu cewa a daina sabuntawa kuwa, yawancin kanel ɗin da ake turowa a tsakani gyaran ramukan tsaro ne da aka riga aka bayyana wa duniya, kuma kwamfutar da aka hana su tana shiga intanet ne da ramukan a buɗe. Ni dai daga baya na kwafe bayanaina, na sake girka tsarin, na ba /boot gigabayit 2, kuma yanzu kanel uku ne a ciki ba su cinye ko kashi ɗaya cikin huɗu na wurin ba.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku.