Malaman jami'a masu gwagwarmaya, a ina ake ganinku?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na ga ana ta cacar baki a jaridarku kan karatun nan da ake kira kwiya tiyori (queer theory), wato nazarin jinsi da sha'awar da suka saɓa wa abin da aka saba, kowa na zagi amma da wuya ka samu wanda ya san me aka ce. Ni dai addinina ya riga ya raba min gardama, amma gara mutum ya san abin da yake musu da shi. Wata malamar jami'a, Teresa de Lauretis, ce ta yayata sunan a Amurka a 1990, shekarar da masaniyar falsafa Judith Butler ta ce zama namiji ko mace ba halitta kaɗai ba ce, har da abin da al'umma ke sa mutum maimaitawa kullum, tafiya, magana, sutura. Mu da muka taso muna ganin 'yan daudu na sayar da abinci a tasha ai tambayar ba baƙuwa ba ce, a amsa muka raba gari.

Wasu malaman irin su Donna Haraway da Rosi Braidotti kuma cewa suke ɗan adam ya daina ganin duniya tasa ce shi kaɗai, dabba da ruwa da na'ura duk suna cikin lissafi. Abin da ya haɗa su duka shi ne wa ake ƙirgawa cikakken mutum, kuma wa ya yanke hakan.

To nan haushina yake. A Legas wannan tambaya ba a takarda take ba, a 2022 aka hana okada a ƙananan hukumomi shida, aka riƙa murƙushe baburan da aka kama, yaranmu da yawa suka wayi gari ba jari ba kuɗin motar komawa gida, ga 'yan bola a babban jujin Olusosun suna tsintar robobi cikin hayaƙi su da balbelu, ƙafa ɗaure da leda. Malamin da ke kiran kansa ɗan gwagwarmaya zai rubuta su a mujallar da sai da dala ake karantawa, ya tafi taro Landan, shikenan.

Marigayi Dakta Bala Usman na ABU Zariya ba haka ya yi ba, a jarida yake rubutu talaka ya gani, har sakataren gwamnatin Balarabe Musa ya yi a Kaduna.

Don Allah ku gayyato ɗaya daga cikin malaman nan zuwa mayankar Oko-Oba a Agege, ya yi wa mahauta bayanin haƙƙin saniya da Hausa ko Yarbanci, su ma su yi masa tambayoyi, ku buga mana.

Naku,
mai karatu daga Agege, Legas