Wasiƙa Ga Aminina Mai Neman Littafin Da Zai Hana Shi Barci

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya. Wai yau kai ne ke cigiyar littafi, kai da a da shafi biyu ke sa ka hamma! To, tunda aikin dare ya koya maka karatu, bari in kwance maka jakata.

Ka ce kana son irin labarin da ba a gane mai laifi sai a shafin ƙarshe. Zan ba ka shi. Amma ni waɗanda suka fi ɗaure ni su ne waɗanda marubucin ya baje maka komai a faifai tun farko, kuma duk da haka ka kasa ajiye littafin.

Don haka ka fara da The Day of the Jackal na Frederick Forsyth, wanda ya fito a 1971. Tushensa gaskiya ne. A watan Agustan 1962 'yan ƙungiyar OAS, masu jin haushin an bar Aljeriya ta samu 'yancin kai, sun yi wa motar shugaban Faransa Charles de Gaulle ruwan harsashi a gefen birnin Paris, ya tsallake rijiya da baya. Daga nan Forsyth ya ɗora nasa: suka ɗauko hayar wani baƙon maharbi wanda ba wanda ya san sunansa, sai laƙabinsa Jackal, wato dila. Kai da ni mun san de Gaulle a gidansa ya rasu a 1970, ba harsashi ne ajalinsa ba. Ka ga ke nan ka san ƙarshen labarin kafin ka buɗe shi. Amma da ka ga yadda mutumin nan yake haɗa fasfo da sunan yaron da ya mutu tun yana ƙarami, da yadda ya sa wani maƙeri a Beljiyam ya ƙera masa bindigar da ake warwarewa a ɓoye, sai ka ji gabanka yana faɗuwa. Mai farautarsa kuma, Lebel, ɗan sanda ne mai sanyin hali wanda ba za ka kalle shi sau biyu ba. Forsyth ɗan jarida ne, ya yi aiki a Paris, ya kuma ɗauko rahoton yaƙin Biyafara, shi ya sa rubutunsa yake kamar rahoto, babu kwalliya.

Na biyu, wanda ni na fi so, shi ne The Devotion of Suspect X na Keigo Higashino ɗan ƙasar Japan. A 2005 ya fito, fassarar Turancinsa kuma a 2011. Tun a farkon littafin za ka ga wata mata da 'yarta sun kashe tsohon mijinta da ya addabe su. Maƙwabcinta, malamin lissafi mai suna Ishigami, wanda yake sonta a zuci bai taɓa furtawa ba, ya ce su bar masa sauran. Ka san wanda ya yi kisan, ka san wanda ya ɓoye. Abin da ba ka sani ba shi ne me ya sa duk hanyar da 'yan sanda suka bi sai ta ɓulle da su daji. Ranar da na kai ƙarshensa sai da na rufe shi na yi shiru na ɗan lokaci. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba.

Shi kuwa irin wanda ka nema, babu kamar And Then There Were None na Agatha Christie, 1939. Mutum goma aka tara a wani tsibiri, kowa da laifin da ya binne a baya, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu kowa a tsibirin sai su. Mutanen cikinsa ba su da zurfi sosai, amma ƙullin labarin ba ya kwantuwa da sauƙi.

The Spy Who Came in from the Cold na John le Carré, 1963, labarin leƙen asiri ne a zamanin katangar Berlin, daga alƙalamin mutumin da ya yi wa Ingila wannan aikin da kansa. Yana da kyau ƙwarai, sai dai tafiyar hawainiya yake yi. Kada ka ɗauke shi da ƙarfe uku na dare, ka bari sai ranar hutu.

Za ka ji ana ta kururuta Gone Girl na Gillian Flynn, 2012, na matar da ta ɓace ranar cikarsu shekara 5 da aure, zargi ya hau kan mijin. Rabinsa na farko ya burge ni. Amma bakinsa ba linzami, na kuma san halinka, don haka na faɗa maka tun wuri. In gajere kake so, nemi My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018: wata nas a Legas ce ke share jinin samarin da ƙanwarta take kashewa, har ƙanwar ta ɗora ido kan likitan da yayar take so. Dare ɗaya ya ishe ka. Da Hausa kuma, in ka samu Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, 1982, kada ka sake shi.

Alfarma ɗaya nake nema: kada ka leƙa intanet neman yadda na Higashino ya ƙare. In ka gama, ka rubuto mini a wane babi ka fara zargin abin da Ishigami ya aikata, don ni har aka fallasa ban hango ba.

Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka